Ni da Yayana mun daina magana saboda hannun jarin Nvidia

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin sadarwa a Kaduna. A farkon 2023 na sayi hannun jarin Nvidia, kamfanin Amurka mai ƙwaƙwalen kwamfutar da ake gina ƙirƙirarriyar basira (AI) da su, ta manhajar waya da ɗan abin da na tara, Allah kuma ya sa albarka, kuɗin ya ninka sau da yawa. Bayan rasuwar mahaifinmu an raba gado, sai Hajiyarmu da ƙannena mata biyu suka bar kasonsu a hannuna da na Yayana don mu juya musu. Ni so nake mu zuba mafi yawan kuɗin a Nvidia da ire-irensa, tunda can duniya ta dosa. Yaya, wanda ya yi ritaya daga aikin banki, ya ce allambaran, farashin ya haukace, shi ba zai sayi kamfani a kan ninki 50 na ribarsa ba. Ya kira ni ɗan caca, ni kuma na ce masa zamani ya wuce shi. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da wannan kuɗi Hajiya ke cefane da sayen magani, ƙanwata ɗaya kuma bikinta baɗi. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Zan fara da abin da ba za ka so ji ba. A kan kuɗin Hajiya da na mai shirin aure, Yayanka ne da gaskiya, kuma yana nan da gaskiyarsa ko da Nvidia zai ninka sau uku kafin baɗi. Maganar ko kamfanin ya yi tsada kuwa, babu wanda ya kada wani a cikinku tukuna, domin kowannenku rabin lissafin ya riƙe yana jayayya da shi.

Gardamar nan ta girme ku duka. Yayanka, ko ya sani ko bai sani ba, almajirin Benjamin Graham ne, wani malami a jami'ar Columbia ta Amurka wanda rugujewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta ƙona shi sosai. Koyarwarsa ita ce: ka ƙiyasta darajar kamfani daga kadarorinsa da ribar da yake samu yanzu, sannan kada ka saya sai farashi ya yi ƙasa da wannan ƙiyasi da tazara mai yawa, don ko ka yi kuskure a lissafi, tazarar ta rufa maka asiri. Kai kuma kana bin sahun su Philip Fisher, wanda ya ce a nemi kamfani mai shugabanni nagari da kayan da kasuwarsu za ta yi ta faɗaɗa, a saya ko da tsada, a riƙe. Shi ya sayi Motorola a 1955, bai sake shi ba har ya mutu a 2004. Na farkon masu neman araha ne, na biyun masu bin bunƙasa.

Ninkin nan da Yaya yake ta ambata, wanda za ka ga manhajarka ta rubuta P/E a gefensa, ba wani abu ne mai wuya ba. Ka ɗauka an yi maka tallan shago a Kantin Kwari, wanda bayan an fitar da haya da haraji da sallamar yaran shago yake barin ribar naira miliyan 1 a shekara. Idan aka sallama maka a miliyan 10, ka saya a ninki 10, shekara goma ka mayar da uwar kuɗinka. Idan mai shago ya ce sai miliyan 50, Yaya zai kaɗe rigarsa ya yi gaba, ya ce wa zai jira shekara hamsin. Kai kuma sai ka riƙo shi ka ce, tsaya Yaya, shagon nan baɗi miliyan 3 zai kawo, baɗin baɗaɗa miliyan 7. Idan haka ta tabbata, miliyan 50 ba tsada ba ce. Idan kuma ba ta tabbata ba, kun sayi wahala da kuɗinku.

Kana da hujja, kuma mai ƙarfi. A shekarar kasuwancin Nvidia da ta ƙare a Janairun 2023, cinikinsa wajen dala biliyan 27 ne, riba kuma ba ta kai biliyan 5 ba. A watan Mayun wannan shekarar darajarsa a kasuwa ta taɓa dala tiriliyan 1. Wanda ya raba wannan da wancan zai ga ninki sama da 200, kuma duk mai neman araha zai ce an zautu. To amma shekarar da ta biyo baya ciniki ya haura biliyan 60, riba ta kusa biliyan 30. Ta bayanta kuma ciniki ya kai biliyan 130, riba ta kusa biliyan 73. Wanda ya tsaya auna kamfanin da ribar bara ya auna abin da ya riga ya wuce. Haka aka yi shekaru ana yi wa Amazon dariya cewa kamfani ne mara riba. Ya shiga kasuwar hannun jari a 1997, bai rufe shekara da riba ba sai 2003, saboda duk abin da ya samu mayar da shi yake cikin gina rumbuna da faɗaɗa kasuwa.

Araha ma tana da nata tarkon, musamman a harkar fasaha. Ka tuna wa Yaya da Nokia, wayar da babu gidan da ba ta shiga ba a ƙasar nan. A 2007 kusan kashi 40 cikin 100 na wayoyin da ake sayarwa a duniya nata ne. A shekarar aka fito da iPhone. Farashin hannun jarin Nokia ya yi ta sauka, masu neman araha suna ta murna sun tsinci dami a kala, ashe ribar da suke aunawa ce ke zagwanyewa. A 2014 aka kammala sayar wa Microsoft sashen wayoyin. Haka BlackBerry, haka Kodak da ya durƙushe a 2012. Araha dai ba ta ado.

Yanzu ka saurari nasa, kuma ina so ka saurara da kyau, don a nan ne masu irin ra'ayinka suka fi faɗawa rami. A watan Maris na 2000 babu kamfanin da ya kai Cisco daraja a duk duniya, sama da dala biliyan 500. Shi ke ƙera na'urorin da ke haɗa hanyoyin intanet, kuma hujjar masu sayensa a lokacin ita ce taka ta yau, babu bambanci: duniya can ta dosa, duk wanda zai shiga intanet sai ya bi ta kayan Cisco. Abin lura shi ne, ba su yi ƙarya ba. Intanet ta mamaye duniya fiye ma da yadda suka zata. Cisco bai mutu ba, cinikinsa ya tashi daga wajen dala biliyan 19 a 2000 zuwa sama da biliyan 50 daga baya. Duk da haka, wanda ya saya a kan dala 80 a wancan watan ya ga kuɗinsa ya zube da kusan kashi 90 cikin 100 kafin ƙarshen 2002, kuma ya yi sama da shekara 20 yana jiran farashin ya dawo inda ya saya. Jaririn da aka raɗa wa suna ranar da aka sayi hannun jarin ya shiga jami'a, uban bai ga uwar kuɗinsa ba.

Microsoft ma haka. Farashinsa ya kusa dala 60 a ƙarshen 1999, bai sake ganin wannan matsayi ba sai 2016, alhali a tsakanin ribarsa ta tashi daga wajen biliyan 9 zuwa sama da biliyan 20. Kamfanin yana ta ƙiba, mai hannun jari yana ta rama, saboda tun ranar saye ya riga ya biya kuɗin ƙibar shekara goma sha biyar. Ma'aunin Nasdaq, inda yawancin kamfanonin fasaha suke, ya wuce 5,000 a Maris 2000, ya faɗi da wajen kashi 78 cikin 100 zuwa Oktoban 2002, bai farfaɗo ba sai 2015. Shi kansa Amazon da ake kafa hujja da shi ya zube da sama da kashi 90 a wannan guguwar. Da baki kowa zai ce da shi ne da ya riƙe. Mutum nawa ne za su ga miliyan 10 ta koma dubu ɗari shida, iyali suna kallo, su ci gaba da barci?

Saboda haka cewa ƙirƙirarriyar basira za ta canja duniya ba amsa ba ce ga abin da Yaya yake tambaya. Shi farashi yake magana, kai kana maganar makomar fasaha. Kana iya yin daidai a kan makomar, ka yi asara a kan farashin.

Mutumin da ya fi kowa cin moriyar wannan kasuwa ya daɗe da cewa rabuwar nan tsakanin masu neman araha da masu bin bunƙasa ta banza ce. Warren Buffett ɗalibin Graham ne na aji, amma abokin aikinsa Charlie Munger ya ja shi zuwa ga sayen kamfani nagari a farashi mai ma'ana maimakon gurgun kamfani a farashin banza. A wasiƙarsa ta 1992 ga masu hannun jari a kamfaninsa Berkshire Hathaway, Buffett ya nuna cewa bunƙasa ɓangare ce ta lissafin daraja, ba kishiyarta ba. Ka dubi yadda ya yi da Apple. Ya fara saye a 2016, lokacin da kasuwa ke ganin kamfanin ya gama tashensa, farashi yana wajen ninki 10 zuwa 12 na riba. Zuwa ƙarshen 2023 abin da ya mallaka a ciki ya haura dala biliyan 170. Da ninkin ya kai wajen 30, sai ya sayar da kusan kashi biyu cikin uku a 2024. Shi ma fa ba waliyyi ba ne a harkar: ya zuba sama da dala biliyan 10 a IBM a 2011 yana ganin araha ce, ya fita bayan shekara shida zuwa bakwai ba tare da abin kirki ba.

To ta yaya ake haɗa lissafin biyu? A juya tambayar. A maimakon gardamar ko ya yi tsada, a tambayi me dole ya faru kafin wannan farashi ya zama daidai. Ga yadda ake yi, ka ɗauki biro. Ka saya a ninki 50, wato ka ba da 50 don ribar 1 a shekara. Babu kamfanin da ke dawwama a ninki 50, idan ya girma ya natsu kasuwa takan dawo da shi wajen ninki 20. Kana son kuɗinka ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 duk shekara har shekara goma, wato 50 ta koma wajen 130. A ninki 20, sai riba ta tashi daga 1 zuwa 6 da rabi. Ma'ana ribar ta riƙa ƙaruwa da kusan kashi 21 cikin 100 kowace shekara, shekara goma cur, ba tuntuɓe. Idan kuwa kashi 12 ta riƙa ƙaruwa, wanda a wurin kowane kamfani abin a yi walima ne, ribar za ta ninka sau uku da ɗoriya, farashi ya tsaya wajen 62. Ka ba da 50, bayan shekara goma ka karɓi 62. Kamfanin ya yi nasara, kai ka tashi a tutar babu.

Mu ɗora wannan a kan Nvidia kamar yadda yake a Yulin 2025, lokacin da darajarsa ta kai dala tiriliyan 4 a kan ribar wajen biliyan 73, wato ninki sama da 50. Ninki 6 da rabi na wannan riba ya haura dala biliyan 470 a shekara guda. Don ka ga girman abin, kamfanin mai na Saudiyya, Saudi Aramco, a 2022, shekarar da mai ya yi tsada, dala biliyan 161 ya ci, aka yi ta mamaki. Ban ce ba zai yiwu ba, ribar Nvidia ta ci gaba da hawa bayan wancan watan, kuma kamfanin ya sha kunyata masu cewa ba zai yiwu ba. Amma yanzu ka san abin da kake sa hannu a kai. Duk ranar da za ka saya, ka ɗauko alƙaluman ranar ka sake wannan lissafi.

Daga nan sai tambayoyin da aikinka na sadarwa ya fi na Yaya ba ka damar amsawa. Su wa ke sayen ƙwaƙwalen kwamfutar nan? Kaso mai tsoka yana tafiya ne ga 'yan tsirarun manyan kamfanoni irin Microsoft, Amazon, Google da Meta mai Facebook, masu gina cibiyoyin ajiye bayanai, kuma dukkansu suna ƙoƙarin ƙera nasu don su rage dogaro da shi. Idan su ba su ga riba daga abin da suke kashewa ba, za su tsuke bakin aljihu. A shekarar kasuwancinsa da ta ƙare a Janairun 2025, a kowace dala 100 ta ciniki, wajen 75 ke saura wa Nvidia bayan kuɗin ƙera kaya, kuma irin wannan garaɓasa ita ke kiran masu gasa. Ba shi ke ƙera kayan da kansa ba, kamfanin TSMC na Taiwan ne, tsibirin da Sin ke cewa nata ne. Gwamnatin Amurka kuma takan taƙaita abin da zai sayar wa Sin. Ranar 27 ga Janairun 2025, labari kawai ya bazu cewa wani kamfanin Sin mai suna DeepSeek ya gina manhajar basira da kuɗi kaɗan, sai Nvidia ya faɗi da kashi 17 cikin 100 a wuni guda, kusan dala biliyan 600 ta bi iska. Ya farfaɗo daga baya. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma duk kamfanin da aka biya kuɗin gobensa tun yau haka yake firgita.

Akwai kuma kuɗin ruwa. Ribar da sai nan da shekara goma za ta zo, darajarta takan ragu idan ajiya mara haɗari tana biya da kyau a yau. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 a tsakiyar 2023. A 2022 Nasdaq ya rasa kashi ɗaya cikin uku, Nvidia ya rasa rabin farashinsa, Meta kusan kashi biyu cikin uku. Kai a gindin wannan faɗuwar ka saya, a farkon 2023. Ba ina rage maka basira ba ne, amma ka shigo a sa'a, kuma ba ka taɓa ɗanɗana irin waccan shekarar da kuɗinka a ciki ba. Ƙari a kan haka, a lokacin da ka saya dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta wuce 1,500. Wani kaso na ribar da kake gani a naira faɗuwar naira ce ta ba ka, ba Nvidia ba, kuma wanda zai canji dala yau ba zai sami wannan tagomashin ba. Idan ma naira ta ƙara ƙarfi, daga ribarsa za ta ci.

Mu dawo gida. Duk mai bin bunƙasa na gaskiya yana da abu biyu: lokaci mai tsawo, da kuɗin da ba ya bukata a kusa. Hajiya ba ta da ko ɗaya. Maganin hawan jini ba ya jiran kasuwa ta farfaɗo, kayan ɗaki ma haka. Ka ƙaddara 2022 ta maimaita kanta ana saura wata uku biki, kason ƙanwarka ya koma rabi. Da wane ido za ka dube ta, kuma wane bayani za ka yi wa dangin da suka san a hannunka aka bar kuɗin? Ko Fisher da kansa ba zai sa kuɗin da za a kashe baɗi a hannun jari ba, balle a kamfani ɗaya. Kuɗin nan amana ne, kuma yardar da suka ba ku ta "ku juya mana" ba yarda ba ce da a yi asarar rabi, don ba na jin an taɓa zaunar da su an faɗa musu hakan na iya faruwa.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a ware kuɗin biki gaba ɗaya a inda ba ya raguwa kuma ana iya ɗauko shi kowane lokaci. Na Hajiya a nema masa abin da ke kawo shiga a kai a kai. Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari mara kuɗin ruwa wadda aka fara fitarwa a 2017, yana biya sau biyu a shekara, kuma Yaya ya fi ni sanin irin waɗannan hanyoyi. Ɗaya ƙanwar, idan ba ta da bukata a kusa, a zaunar da ita a faɗa mata ƙarara cewa abin da za a sa mata zai iya komawa rabi ya daɗe a haka. In ta amince, a sa wani ɗan kaso, kuma gara asusun da ya tattara kamfanoni da yawa a kan kamfani guda. A rubuta komai, kowa ya sa hannu. Ku tabbatar manhajar da za a bi tana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari a Najeriya, ku kuma san cewa Amurka tana cire harajin kashi 30 cikin 100 daga rabon ribar da ake biyan ɗan Najeriya. Idan batun halasci yana damun Hajiya, akwai ma'aunin da hukumar AAOIFI ta Bahrain ta tsara, wanda ke duba irin sana'ar kamfani da yawan bashin ruwan da ke kansa, sai ku kai wa malamin da ya san harkar.

Kuɗinka kuwa naka ne, ba zan ce ka sayar ko ka ƙara ba. Sai dai idan kamfani ɗaya ya cinye mafi yawan abin da ka mallaka, ba laifi ba ne ka cire uwar kuɗinka da wani abu a kai, ka bar saura ya ci gaba da tafiya. In za ka ƙara saye, ka rarraba shi wata-wata. Ka kuma rubuta a takarda tun yanzu abin da idan ya faru za ka san lissafinka ya karye, misali manyan masu sayen nan su fara rage kashe kuɗi, ko ribar da ke kan kowace dala ta fara sauka shekara biyu a jere. Wanda bai rubuta ba, ranar da kasuwa ta girgiza tsoro ne zai yanke masa hukunci.

Sai maganar Yaya. "Ɗan caca" ba ta yi daɗi ba, amma "zamani ya wuce ka" daga bakin ƙane ta fi ciwo, musamman ga mutumin da yanzu shi ne a matsayin uba. Kai za ka fara zuwa, kuma kada ka je da waya a hannu kana nuna masa jadawalin farashi. Ka ba shi haƙuri a kan kalmar, ka gaya masa ka janye batun kuɗin Hajiya da na biki. Bayan an sha ruwa, ka ce kana son ya taya ka wani lissafi a kan naka kuɗin: shi ya faɗi ninkin da yake ganin kamfanin zai tsaya a kai nan da shekara goma, kai ka faɗi yadda kake ganin riba za ta ƙaru, ku buga ku ga farashin da ya fito, sannan ku kwatanta da na kasuwa. Tsohon ma'aikacin banki da wuya ya ƙi irin wannan gayyata. Ku sa rana guda kuma ku zauna da Hajiya da ƙannenku, a karanta musu inda za a sa kason kowa kafin a taɓa ko sisi.